Motar da Ta Ƙi Yin Shiru a Tamanrasset

Damagaram zuwa Agadas

Ranar Litinin, ƙarfe huɗu da rabi na asuba, muka tashi daga tashar Damagaram. Ban yi sallama da kowa ba sai Inna, tsohuwarmu, wadda idonta ya tafi shekara shida da suka wuce. Takarda ce ta zo daga Tamanrasset cewa wana, Malam Habu, ciwon ƙirji ya kayar da shi. Shekararsa goma sha ɗaya can yana karantar da 'ya'yan mutanenmu. Inna ta ce a je a kawo mata shi da ransa, kuma ba ta da wanda za ta aika sai ni. Ni baduku ne, shekarata arba'in da bakwai, ban taɓa wuce Tanut ba.

Motar tsohuwar kamiyon soja ce da Faransawa suka bari, mai shan isansi, wato fetur. An loda mata lalle da barkono da goro, mutum tara a bisa kaya. Direban sunansa Garba, mutumin Tasawa, gajere, bakinsa ba ya hutawa. Na biya jaka shida. Da ya ji ni ƙanen Malam Habu ne sai ya sauko da ni gaba, kusa da shi.

Tanut da hantsi, kilomita ɗari da hamsin. Mun sha fura dala biyu, mai tsami kamar an yi ta da fushi. Muka kwana Adarbisnat a gindin mota, Talata da la'asar muka shiga Agadas. A buro, wato ofishin hukuma, aka gaya mana abin da ya tayar mini da hankali: zafi ya kusa, ayarin ƙarshe zai taso daga Tamanrasset Alhamis ta sama. Bayansa jandarma za su rufe hanya har sanyi ya dawo. Wanda bai biyo wannan ayari ba, wata biyar zai yi can. Na san Malam ba shi da wata biyar.

A Agadas ne Garba ya miƙo mini wata takarda a naɗe.

"Baduku, ga aikinka. Layar mota ce. Ka ɗinke ta, ka ɗaura inda ido ba zai gani ba."

Na ce to, na sa a aljihu.

Agadas zuwa In Gezam

Alhamis ƙarfe biyar muka fita, mota uku a jere. Tigidda da azahar, garin gishiri, ƙasa ja kamar an zuba jini, ruwansu ba ya shawuwa. Daga In Abangarit sai itace ya ƙare. Ban taɓa sanin akwai ƙasar da Allah ya yi babu ko ciyawa ɗaya ba. Na tambayi Garba ina hanyar, ya nuna mini wani tano, wato gangar ƙarfe, da aka kafa can nesa, ya ce daga wannan sai wancan, in ka rasa ɗaya ka rasa ranka. Sau huɗu muka kafe a rairayi, sau huɗu muka sauka muka shimfiɗa farantan ƙarfe ƙarƙashin taya muna turawa. Tafin hannuna ya yi bororo.

Asabar da yamma muka wuce Asamaka, muka shiga In Gezam, ƙasar Aljeriya. Kilomita wajen ɗari biyar daga Agadas. Rijiya ɗaya, bishiyoyi kaɗan, ɗakin dowan, wato kwastan, shi ke nan garin.

Lahadi da safe Garba ya buɗe murfin inji ya zuba ruwa, ya tafi buro da takardunmu. Na tuna da layar, wadda na riga na ɗinke a jar fata tun Tigidda. Na leƙa cikin injin na ce ai babu inda ya fi nan ɓoyo. Na yanko igiyar ƙirgi, na jiƙa ta a ruwan rijiya har ta yi laushi, yadda ubana ya koya mini, don ƙirgi a jiƙe ake ɗaura shi, in ya bushe ya tsuke, ba mai kwance shi. Can ƙasa, bayan wata tukunyar ƙarfe, na ga ƙarfe biyu kusa da juna, ɗaya mai kauri ɗaya siriri. Na zagaye su duka biyu, na yi ƙulli uku, na tura layar ƙasa. Na wanke hannuna ina jin na yi aikin kirki. Garba bai tambaya ba, ni ma ban faɗa ba.

In Gezam zuwa Tamanrasset

Ƙarfe bakwai muka tashi. Kilomita ɗari huɗu ke gabanmu. Wajen ƙarfe goma Garba ya ɗage ƙafarsa daga totur don ya sauya giya, sai motar ta ƙi rage kuka. Giyar ta yi ƙara kamar ana niƙa tsakuwa.

"Kai! Me ya same ki?" in ji Garba, da motar yake.

Da muka tsaya sallar azahar abin ya ƙaru. Mota a tsaye, ba mai taɓa ta, amma inji na ruri kamar tana hawan dutse. Garba ya ce wannan kukan da inji ke yi in mota na tsaye shi ake kira ralanti, kuma kamata ya yi ya zama kamar munsharin tsoho. Ya daddanna totur da ƙafa, ya ɗago shi da hannu, ya leƙa ƙarƙashinsa ko tsakuwa ta shiga. Babu komai. Ya murɗa makulli ya kashe, injin ya ci gaba da tari shi kaɗai har sau biyar kafin ya mutu. Wata tsohuwa a bisa kaya ta hau salati, ta ce an shiga motar.

A rairayin Lawni na ga abin da har yau nake gani in na rufe ido. Gawarwakin motoci, na ƙirga bakwai, rana ta cinye fentinsu. Kusa da ɗaya akwai tulin duwatsu uku a jere. Na ce mene ne wannan? Garba ya ce, "Mutane ne. Isansinsu ya ƙare." A nan na gane abin da kukan injin ke nufi. Yana shan isansi kamar raƙumi a bakin rijiya, yana zafi, yana tafasa ruwan da mu ma shi za mu sha. Kowace awa sai mun tsaya ya huce. Sauran motoci biyu suka gaji da jiranmu, amma ba su tafi ba, Allah ya saka musu.

Litinin ƙarfe uku muka hango duwatsun Ahaggar, baƙaƙe, tsaye kamar haƙora. A bakin gari akwai sandar jandarma. Garba ya taka birki da ƙarfinsa duka, motar na ja, shi yana ja, sai da hancinta ya taɓa sandar ta tsaya. Jandarman ya yi tsalle gefe, ya dawo yana faɗa da Larabci a cikin rurin inji, ba mai jin wani. Wani ɗan Agadas ya fassara mana: Laraba da la'asar za a duba motocin ayari, kuma wannan, in haka take, ba za ta taka hanyar kudu ba. Sauran motoci biyun arewa za su wuce. A cikin masu komawa kudu kuwa an cike kowane wuri tun mako biyu.

Tamanrasset

Gari ne ja, gidajen laka, iska mai sanyi ko da rana. Burodi dogo kamar sanda, rabin dinar. Tumatir daga lambunan Tahifet ake kawo shi a kan jaki, ɗaya ya kai dunƙulen hannu. Mun sauka gidan Alhaji Nomau, Bamaraɗe mai kantin yadi a kasuwa, shi ne ya ɗauke Malam daga makarantarsa ya kawo shi gidansa yana jinya.

Na shiga ɗakin na yi sallama, na ga wani tsoho a kan tabarma, na juya ina neman wana. Sai tsohon ya ce, "Illo, ni za ka wuce?"

Na durƙushe. Mutumin da na sani yana ɗaga buhun gero da hannu ɗaya, yanzu wuyan hannunsa bai fi yatsuna biyu ba.

"Yaya, haka ka koma?"

"Haka aka mayar da ni. Inna fa?"

"Tana nan. Ita ta aiko ni."

"Yaushe za mu tashi?"

Na ce Alhamis, in Allah ya so. Ban gaya masa zancen mota ba. Amma ƙofar gidan aka ajiye ta, kuma duk unguwar ta ji ta.

Talata tun bayan sallar asuba Garba ya hau aiki, ni ina miƙa masa ƙarafa. Ya nuna mini karbirato, wato inda iska da isansi ke haɗuwa kafin su shiga inji. Akwai wani ɗan sukuru a jikinsa da ake murɗawa a rage ralanti. Ya murɗa shi baya har ya faɗo a hannunsa, inji bai san ana yi ba. Ya duba wayar cok, wadda ake ja in za a tayar da inji da sanyi, ya ga ta koma wurinta. Ya ce to datti ne. Ya kwance saman karbirato ya wanke da isansi a cikin kwanon shan Alhaji, ya hura kowane rami da bakinsa, ya mayar. Garin mayarwa takardar da ke tsakanin ƙarafan ta yage, ya yanko wata daga kwalin shayi. Ya tayar. Ruri ya dawo kamar ba a yi komai ba.

Mutanen kasuwa suka taru. Wani ya ce a yanka baƙin zakara. Wani ɗan Kano mai gyaran agogo ya ce injin ne ya tsufa, a sayar da ita. Garba ya jefar da sifana ya zauna a ƙasa, mai har gwiwar hannu.

"Shekara tara ina tuƙa wannan shegiya, ba ta taɓa yi mini haka ba. Wallahi baki aka yi mini."

Alhaji Nomau ya ce, "Bar zancen baki. Gobe da safe zan aika ƙauyen Tit a ɗauko Sidi."

Laraba

Tit kilomita arba'in ce. Sai ƙarfe goma sha ɗaya aka iso da shi. Sidi Buzu ne dogo, tsoho, ya yi wa sojan Faransa makanikanci shekara ashirin, yanzu ya koma dabinonsa. Hausarsa ta Agadas ce. Ya zo da rawaninsa har bisa hanci, ba jaka, ba ƙarfe, sai guntun tiyo a hannu. Bai ko dubi motar ba sai da ya sha shayi kofi uku. Ni kuwa ina kallon inuwa tana gajarta.

"Ɗan Tasawa, me ka taɓa?" ya tambayi Garba.

"Komai, Baba."

"Shi ne ciwon. Tayar da ita."

Inji ya kama ruri. Sidi ya sa bakin tiyo a kunnensa, ɗaya bakin yana bin jikin inji da shi sannu a hankali. Ya ce iska yake nema, don in ta sami ɓaraka tana shiga ta bayan karbirato, inji zai yi ta gudu shi kaɗai, kuma ɓarakar tana yin fito. Ya ce a kawo man gyaɗa, ya ɗiɗɗiga a gaɓar da Garba ya sa kwalin shayi. Ya ce in da rami man zai toshe shi na ɗan lokaci, kuka ya sauya. Bai sauya ba.

"Kwalinka ya zauna," in ji shi. "Ba iska ba ce."

Ya cire tukunyar da ke tace iska, ya leƙa cikin maƙogwaron karbirato. Ya kira Garba.

"Dubi ƙofar nan. Ƙafarka na kan totur?"

"Ga ni tsaye a gabanka, Baba."

"To wa ya buɗe ta?"

Akwai wani siririn ƙarfe da ya taso daga totur ya zo ya kama hannun wannan ƙofa. Sidi ya sa babban yatsa ya ɓalle shi daga mahaɗinsa. Nan take, wallahi nan take, ruri ya faɗi. Injin ya yi tari ya mutu, don sukurun ralanti na aljihun Garba. Shiru ya rufe unguwar har na ji kukan akuya a bayan gida.

"Karbirato lafiyarsa lau," in ji Sidi. "Wani abu ke jan ƙarfen nan."

Ya bi ƙarfen da hannu, ƙasa, ƙasa, har kafaɗarsa ta shige. Ni kuwa tun da na ga ƙarfen nan siriri a hannunsa na ja da baya. Na san shi. Na san inda hannunsa zai je.

Ya tsaya. Ya laluba. Ya ce a ba shi madubi. Aka karɓo na matar Alhaji, ya haska rana a wurin, ya daɗe yana kallo, sai kafaɗunsa suka fara rawa. Dariya yake yi a cikin rawani.

"Wa ya yi wa motar nan dabaibayi?"

Garba ya karɓi madubin ya leƙa. Igiyar ta bushe ta yi baƙi, ta tsuke, ta jawo siririn ƙarfen ta manne shi da mai kaurin kamar an yi walda. Ga jar laya na lilo a ƙasa. Ya ɗago a hankali ya dube ni.

Na ce, "Ni ne."

"Kai ne me?"

"Ka ce inda ido ba zai gani ba."

"Ƙarƙashin kujera, Illo! Ƙarƙashin kujera kowa ke sawa! Kilomita ɗari huɗu! Tano guda da rabi na isansi! Ka ga duwatsun Lawni da idonka, kana zaune kusa da ni kana cin goro!"

"Ban san yana motsi ba. Lokacin da na ɗaura a tsaye yake."

"Mota a kashe, don ubanka, me zai motsa?"

Alhaji ya shiga tsakani. Mutum goma sha ɗaya na kusa kashewa a rairayi da hannuna, da kuma wana a kan tabarma, kuma ban yi da mugunta ba, da gwaninta na yi. Na zauna a kan matakin mota.

Sidi ya zaro wuƙa. Garba ya riƙe masa hannu, ya ce ba a sa wa laya ƙarfe, in aka yanke ba zai hau hanyar kudu ba ko za a kashe shi. Sidi ya ce to ƙullin nan ba mai kwance shi, ya gwada da farce kamar dutse. Ana cikin wannan sai muka ji tari a bakin ƙofa. Malam ne, ya rarrafo yana dafa bango.

"Garba, sunan Allah ba a cikin igiya yake ba. Amma in hankalinka bai kwanta ba, ku ba wanda ya ɗaura ya kwance. Illo, tashi. Kunyar ta jira mu a gida."

Ƙarfe ɗaya da rabi. Na ce a ba ni ruwan ɗumi da tsumma. Na kwanta a ƙarƙashin mota, na naɗe ƙullin da jiƙaƙƙen tsumma, ina matsa ruwa ina jira. Ƙirgi ba ya jin sauri. Mai na ɗiga mini a fuska, Garba na zagaye mota yana tambaya ko ya yi. Sai wajen ƙarfe uku saura kwata ya yi laushi, na sa basilla na buɗe ƙulli na farko, na biyu, na uku. Siririn ƙarfen ya koma wurinsa da kansa, har da 'yar ƙara.

Sidi ya duba ya ga ya ɗan lanƙwashe, ya miƙe shi a kan dutse. Ya mayar da mahaɗin, ya mayar da sukurun, ya ce a tayar a bar inji ya yi ɗumi tukuna. Sannan ya riƙa murɗa sukurun kaɗan kaɗan, kunnensa a karkace, har kukan ya sauko ya zauna. Ya taka totur sau uku, kowane karo yana dawowa daidai. Ya ƙi karɓar komai sai sukari ƙulli ɗaya. Da zai tafi ya ce mini, "Baduku, in ka sake zuwa ka ɗaura mini gugar rijiya. Amma kar ka matso kusa da injin ban ruwana."

Ƙarfe huɗu da minti goma muna gaban jandarma. Wanda muka kusa takewa shi ne a wurin. Ya zagaya motar, ya ƙirga tanon ruwa da na isansi, ya sa Garba ya tayar ya kashe sau biyu, ya buga hatimi.

Komowa

Alhamis ƙarfe biyar muka fito, mota shida, an loda mana dabino. Na shimfiɗa wa Malam bargo a wurina na gaba, ni na hau bisa kaya. Garba bai yi mini magana ba har In Gezam. A can ne, muna cika ruwa, ya miƙo mini ɓarin goro ba tare da ya dube ni ba.

Tsakanin Asamaka da In Abangarit Malam ya yi aman jini, na ce shi ke nan. Muka tsaya awa biyu, ayari duka ya tsaya. Ya farfaɗo ya ce a ci gaba. A Agadas likita ya yi masa allura ya ce a bar shi nan, Malam ya ce a'a. Daga Adarbisnat ya daina cin komai sai ruwan fura. Da muka fara ganin gawo da ƙaya a Tanut ya sa aka buɗe masa taga.

Laraba bayan la'asar, kwana shida daga Tamanrasset, muka shiga Damagaram. Garba bai tsaya tasha ba, ya kutsa kamiyon cikin lungunmu har ƙofar gida, yana goge katangun mutane. Na goya Malam a baya, bai fi nauyin fata biyu ba. Inna na zaune a tsakar gida. Na sauke shi a gabanta. Ta miƙa hannu ta shafa kansa, ta shafa kunnuwansa, ta gangaro gemu.

"Habu, wa ya ba ka izinin tsufa kafin ka gaishe ni?"

Ya sa kansa a cinyarta. Kwana goma sha tara ya yi a gidan, ita ke ba shi kunu da hannunta, kuma a ɗakinta ya cika.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya komo da mu. Na gode wa Alhaji Nomau da iyalinsa, da Sidi na Tit, da direbobin da suka tsaya mana a rairayi ba su san mu ba. Garba kuwa, da na je yi masa godiya bayan sadakar uku, na tarar ya riga ni zuwa maƙabarta ziyarar kabarin Malam.